Jar Ƙasa Ba Ta Ɓoye Sawu

A cikin manyan gasannin tanis guda huɗu da ake yi a duniya kowace shekara, ɗaya ce kaɗai ake bugawa a kan ƙasa. Ta Ostareliya da ta Amurka a kan daɓe mai tauri kamar siminti ake yin su, ta Wimbledon a Ingila kuwa a kan ciyawa. Ta huɗun ita ce ta birnin Faris, a filin da ake kira Roland Garros, wadda akan fara a ƙarshen watan Mayu a gama a farkon Yuni, daidai lokacin da manoman Karofi suke duban gabas suna jiran ruwan shuka. Duk wanda ya ga filin nan a talabijin ya san ja ne, irin jan marmarar da ake haƙowa a gefen hanyoyinmu. A kan wannan gasa, da kuma ɗan filin da muke da shi a bayan ɗakunan kwanan yara maza, muke so mu yi magana da ku a littafin shekarar nan. Gama akwai shawara a gaban makaranta game da filin, ya kuwa kamata ɗalibai da iyaye da tsofaffin ɗalibai su san abin da ke cikinta.

An fara gasar Faransa a 1891, amma sai a 1925 aka buɗe ta ga 'yan wasan ƙasashen waje. A 1928 aka gina filin Roland Garros, aka sa masa sunan wani matuƙin jirgin sama na Faransa da ya mutu a yaƙi a 1918. A ɓangaren maza masu buga ɗai-ɗai, mutum 128 ke shiga. Wanda aka ci sau ɗaya sai ya tattara kayansa ya koma gida. Ko 'yan aji ɗaya za su iya yin lissafin: daga 128 a koma 64, sa'an nan 32, 16, 8, 4, har a rage 2, watau sai mutum ya ci wasa 7 a jere kafin ya ɗaga kofi. Kowane wasa zubi biyar ne, abin da 'yan wasa suke kira set, wanda ya riga cin uku shi ne da nasara. Wasa ɗaya yakan kai sa'a uku ko huɗu, wani lokaci har ya wuce biyar, mutum yana shi kaɗai a gefensa na raga, ba ɗan canji, ba kuwa wanda zai ɗora wa laifi.

Jan da ake gani a filin Faris garin jan bulo ne gasasshe, kaurinsa bai wuce milimita 2 ba. A ƙarƙashinsa akwai farin dutsen da aka niƙa aka danne, sa'an nan ƙonannen kwal, sa'an nan tsakuwa, domin ruwa ya sami hanyar tsanyewa. Ma'aikata sukan share shi, su yayyafa masa ruwa, su goge layukansa, ba sau ɗaya ba a yini. In an bar shi ya bushe sai iska ta kwashe garin, in ruwa ya yi yawa sai ya caɓe. Iyayenmu mata da suka saba da daɓen ɗaki, da madaɓi da ruwan makuba, ba za su ga baƙon abu a wannan aiki ba.

Wannan ƙasa ita ce take canza wasan. A kan ciyawa ƙwallo takan sulale, ta zo da sauri ƙasa-ƙasa, har mai ƙarfin sabis, watau bugun buɗe wasa, ya iya cin maki ba tare da abokin karawarsa ya taɓa ta ba. A kan jar ƙasa kuwa ƙwallo takan ciji gari, gudunta ya ragu, ta yi tsalle sama. Bugun da zai gama maki a wani fili, a nan sai ka gan shi ya dawo maka. Ka sāke bugawa ya sāke dawowa, har sau goma, har sau ashirin. Dole mutum ya koyi zamewa da ƙafa zuwa wurin ƙwallo, ya koyi jan abokin karawarsa dama da hagu, gaba da baya, har ya buɗe wurin da zai ajiye ta. Mai gaggawa yakan cinye kansa da kansa.

Tarihin gasar ya nuna haka. Pete Sampras na Amurka ya ci manyan kofuna 14, bakwai daga ciki a Wimbledon, amma ko wasan ƙarshe bai taɓa kaiwa ba a Faris. Jimmy Connors, da Boris Becker, da Stefan Edberg, dukansu sun taɓa zama na ɗaya a duniya, ba wanda ya ɗaga kofin Faransa a cikinsu. John McEnroe ya ci zubi biyu na farko a wasan ƙarshe na 1984, Ivan Lendl ya yi ta bin sa a hankali har ya cinye ukun da suka rage. Waɗanda suka mallaki filin su ne masu jimiri. Bjorn Borg na Suwidin ya ci sau 6 tsakanin 1974 da 1981. Rafael Nadal na Sifen ya ci sau 14 tsakanin 2005 da 2022. Wasa 116 ya buga a filin, 4 kaɗai aka ci shi. Bayan ya yi ritaya a 2024, a watan Mayu na 2025 aka kafa wani allo a ƙasan babban filin, kusa da sandar raga, ɗauke da sawun takalminsa.

Labarin da muka fi ba yaranmu shi ne na Michael Chang, Ba'amurke ɗan asalin Sin. A 1989, yana da shekara 17, ya gamu da Lendl a zagaye na huɗu. Lendl shi ne na ɗaya a duniya a lokacin, ya kuma riga ya ci kofin sau uku. Ya cinye zubi biyu na farko. Chang ya rama biyu, amma sai jijiyoyin ƙafafunsa suka ɗaure, har ba ya iya zama a lokacin hutu. Ya riƙa cin ayaba, yana shan ruwa, yana cilla ƙwallo sama-sama domin ya sami lokacin numfashi. A zubi na biyar ya yi sabis ta ƙasa kamar ɗan koyo, ya ci makin. A maki na ƙarshe ya matso har kusa da layin sabis ya tsaya, Lendl ya rikice ya ɓata bugunsa sau biyu. An shafe fiye da sa'a huɗu da rabi ana wannan wasa. Chang ya ci gaba har ya ci Edberg a wasan ƙarshe, shi ma a zubi biyar, ya tsaya a gaban taro ya gode wa Ubangiji Yesu. Har yau ba namijin da ya ci babban kofin ɗai-ɗai yana ƙasa da shekarunsa. Irin wannan juriya ba ta ƙare da zamaninsa ba. A wasan ƙarshe na 2025 Jannik Sinner na Italiya ya kai inda maki ɗaya ya rage masa ya ɗauki kofi, har sau uku, Carlos Alcaraz na Sifen ya hana, ya kuma ci wasan bayan sa'a 5 da minti 29.

Filinmu na nan makaranta ba shi da garin bulo, ba shi da kwal. Shekara shida ke nan da muka yi shi. Mu malamai biyu ne da muka taɓa riƙe raket tun muna kwalejin horon malamai, da yara wajen arba'in. Malamin lissafi ya auna mana tsawo ƙafa 78, faɗi ƙafa 27 na wasan ɗai-ɗai, 36 na bibbiyu, ya kuma fitar da kusurwoyi da igiya bisa ga lissafin 3, 4, 5 da yake koya wa 'yan aji uku. Yaran da suka yi ta kokawa da wannan darasi a allo, ranar nan suka gane shi da igiya a hannu. Muka sare ƙasa, muka zuba tsakuwa, muka ɗebo marmara da kwanon sarki, muka tankaɗe ta saman da rariyar waya. Wata ganga muka cika da siminti, muka ratsa mata bututun ƙarfe, ita ce abin dannewarmu har yau. Sa'ad da saman ya ƙi kamawa, wata tsohuwa mai kawo mana ƙuli-ƙuli daga cikin gari ta tsaya ta dube mu, ta ce, “'Ya'yana, daɓe ba a yin sa rana tsaka. Ku jiƙa da yamma, ku bar shi ya kwana, ku buga da sassafe.” Muka bi maganarta, fili ya kama. Da farar ƙasa muke zana layi, da tsohuwar tabarma muke share gari bayan kowane wasa.

A kan wannan fili muke yin gasar ɗai-ɗai ta yara maza kowace shekara kafin hutun Kirsimeti. Yara 16 ke shiga, zubi uku ake bugawa. 'Yan mata suna da tasu, za mu kuwa bar wa malamarsu ta ba da labarinta. Abin da muke gani a Faris, shi muke gani a nan, sai dai a ƙaramin ma'auni. A gasar bara akwai wani dogon yaro ɗan aji shida mai sabis kamar harbin bindiga, wanda kowa ya riga ya ba shi kofi tun ba a fara ba. A wasan kusa da na ƙarshe ya gamu da wani siririn yaro ɗan aji huɗu daga wani ƙauye a wajen Kurfi, wanda ba shi da wani bugu na a zo a gani, illa dai duk abin da aka aiko masa sai ya mayar. Dogon ya ci zubi na farko cikin minti ashirin. A na biyu ya fara gajiya da ganin ƙwallo tana dawowa, ya shiga bugu da fushi, wannan ta faɗa raga, waccan ta wuce layi. Kafin rana ta faɗi ƙaramin ya cinye. Da muka tambaye shi dabararsa sai ya ce, “Malam, ai kamar noman firi ne, ba a duban ƙarshen kunya, gaban fartanya ake dubawa.”

Akwai wani abu kuma da jar ƙasa take da shi wanda sauran filaye ba su da shi. Duk inda ƙwallo ta sauka sai ta bar tabo. In gardama ta tashi a Faris, alƙalin wasa yakan sauko daga kujerarsa ya je ya duba tabon da idonsa. Dokar wasan kuwa ta ce in ɗan wasa ya goge tabo kafin alƙali ya yanke hukunci, ya ba da makin ke nan. Amma ba kullum ake jiran alƙali ba. A 1982, a wasan kusa da na ƙarshe, alƙali ya riga ya ba Mats Wilander na Suwidin nasara a kan Jose Luis Clerc na Ajantina, sai Wilander, yaro ɗan shekara 17, ya ce ƙwallon Clerc ba ta fita ba, a sāke makin. Aka sāke, ya ci, ya kuma je ya ɗauki kofin. A birnin Rum a 2005 abin bai zo da daɗi haka ba. Andy Roddick na Amurka yana neman maki ɗaya ya gama da Fernando Verdasco na Sifen, mai duban layi ya ce sabis ɗin Verdasco na biyu ya fita. Roddick ya dubi tabo ya ce ta taɓa layi. Verdasco ya farfaɗo ya cinye wasan.

Mu a nan ba mu da masu duban layi. Kowane yaro shi ne alƙalin gefensa. A wasan ƙarshe na bara, siririn yaron nan ya kara da shugaban ɗalibai. A zubi na uku, ana kusa da gamawa, ƙwallo ta sauka a bakin layin baya a gefen ƙaramin. 'Yan ɗakin kwanansa suka ɗauki ihu, “Waje! Waje!” Ya je ya sunkuya, ya zagaye tabon da bakin raket, ya ɗaga kai ya ce, “Siniya, ta ci layi, makinka ne.” Shugaban ɗalibai ne ya ɗauki kofi a ranar. Mun kuma taɓa ganin yaran da sukan sa ƙafa su murje tabo kafin a iso, shi ya sa muka ɗauki dokar Faris muka kafa a nan. Mu da muke tsaron ɗakin jarrabawa mun lura cewa yaron da ya saba faɗin gaskiya a kan tabo, a gaban abokansa masu ihu, ba ya ba mu wahala a ranar jarrabawa.

Kada wani ya ce wannan wasan Turawa ne da 'ya'yan masu kuɗi. Yannick Noah a birnin Yawunde na Kamaru ya girma, mahaifinsa ɗan ƙwallon ƙafa ne na ƙasar. A 1971 Arthur Ashe, baƙar fatar Amurka da ya zo rangadi Afirka, ya gan shi yana da shekara 11, ya yi magana da Philippe Chatrier na hukumar tanis ta Faransa, aka kai yaron birnin Nice ya sami horo. A 1983 Noah ya ci Wilander a wasan ƙarshe a Faris, shi ne kuma ɗan ƙasar Faransa na farko da ya ɗaga kofin tun 1946. A wannan shekara ta 1983 ɗin Nduka Odizor, wanda ya fara da tsintar ƙwallo a Legas, ya kai zagaye na huɗu a Wimbledon. A 1988 shi da Tony Mmoh da Sadiq Abdullahi suka wakilci Nijeriya a wasannin Olamfik na Seoul. A nan Arewa, Kaduna ta yi suna da gasarta ta filin ƙasa, Kano kuma da gasar Dala. Jiharmu ma ba baƙuwa ba ce ga wasannin makaranta: tun a Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, ɗalibai suke buga kurket da fayif. Abin da ya rage mana shi ne fili a kusa da yaro, da babba da zai tsaya masa.

Yanzu ga shawarar da ke gaban makaranta. Waɗansu daga cikin iyaye da tsofaffin ɗalibai, da kyakkyawan nufi, sun kawo maganar a tara kuɗi a zuba wa filin siminti, a huta. Hujjarsu tana da ƙarfi. Filin ƙasa yana shan ruwa, ruwa kuwa a watan Maris da Afrilu abin awo ne a wurinmu. Ba daidai ba ne a jiƙa fili alhali yara suna layi da bokiti a bakin rijiyar burtsatse, masu dafa abinci kuma suna jira. Damina takan zaizaye shi, tsidau da ƙarangiya su fito, gara ta yi gini a gefe, awakin gari su tattake. Iskar hunturu takan kwashe garin sama. Kowace shekara sai an sāke aiki.

Duk da haka roƙonmu shi ne a bar shi da ƙasarsa. Na ɗaya, siminti a irin zafinmu yakan tsage, gyaransa kuwa sai da kuɗi da magini, alhali gyaran marmara hannu da kwanon sarki ne kawai. Na biyu, siminti yana cin ƙwallo da takalmi da sauri, waɗannan kuwa su ne abubuwan da suka fi yi mana wuyar samu. Na uku, yaron da ya faɗi a kan ƙasa yakan kakkaɓe jikinsa ya tashi, wanda ya faɗi a kan siminti sai ɗakin magani, ga kuma gwiwoyi da idon sawu na yara masu tasowa. Masu cewa yawancin gasanni a kan daɓe mai tauri ake yi, su tuna Nadal, wanda ya tashi a kan jar ƙasa, ya ci Wimbledon sau 2, gasar Amurka sau 4, ta Ostareliya sau 2. Wanda ya koyi haƙuri da aikin ƙafa a ƙasa ba ya rasa abin yi a wani fili. Na huɗu, wanda ya fi nauyi a wurinmu: ranar da aka zuba siminti, tabo ya tafi, aikin gayya ma ya tafi. Yaran da suke jan ganga da asuba su ne suke korar awaki ba tare da an aike su ba, gama sun san gumin da ke cikin filin.

Game da ruwa, ga abin da muka tsara. Za a riƙa wasa daga Oktoba zuwa Fabrairu, a rufe fili a watannin bazara. Ba za a ɗebi ko bokiti ɗaya daga rijiyar burtsatse domin fili ba. Ruwan ɗauraya na wanki da na kwanuka za a tara a ganguna biyu, a yayyafa da yamma kamar yadda tsohuwar nan ta koya mana. Za a kewaye filin da shingen ƙaya saboda dabbobi. Kowane ɗakin kwana zai ɗauki mako ɗaya na shara da zanen layi.

Ku 'yan aji shida da kuke fita bana, yawancinku kuna aji ɗaya sa'ad da aka ɗebo kwanon marmara na farko. Mun gode muku. Duk inda kuka je, ko jami'a a Dutsin-Ma ko Zariya, ko gona, ko kasuwa, za ku gamu da al'amuran da ba a gama su da bugu ɗaya, za ku kuma gamu da wurin da ba alƙali sai ku. Ku 'yan aji biyar, ganga da tabarma da igiyar awo yanzu a hannunku suke. Tsofaffin ɗalibai da iyaye kuma, in kuna so ku taimaka, abin da muke bukata shi ne ƙwallaye ko da an yi amfani da su, da igiyar ɗaurin raket, da tsofaffin raket da ke kwance a gidajenku a Kaduna da Kano da Abuja, da sabuwar raga, gama tamu ta sha ɗinki har ba wurin sa allura. Aikin gyaran fili zai kama ran Asabar ta farko bayan ɗaukewar ruwa, da ƙarfe shida na safe. Wanda yake kusa ya zo da fartanyarsa. Allah ya kai mu lafiya.